Mama Skola da Injin da Ba Shi da Fistin

Kafin masu shayin bakin titin unguwar Television da ke Kaduna su gama hura wuta, Mama Skola ta riga ta sauko daga keke mai ƙafa uku a gaban layin makanikai. Kular abincinta na hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma na cikin aljihun siket, don sanyin safiya ba ya raga wa gaɓoɓinta. Sunanta na baftisma Scholastica, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi cikakke ba sai Fasto. Takan buɗe kwantenar kayan aiki, ta saka ofarol ɗinta da ta koɗe har ta koma kalar toka, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwalin zumuntar mata. Addu'arta gajera ce, kuma da ido a buɗe take yin ta, wai ranar da ta taɓa rufe ido a layin nan sifana biyu suka yi ƙafa. Daga nan ta jera kayan aiki a kan buhu, ta share ƙarƙashin mangwaro, ta zauna a tsohuwar kujerar mota tana murza yatsunta da man zafi har su yarda su lanƙwashe. Sai sun yarda ake buɗe bonet na farko.

Sama da shekara talatin ke nan tana wannan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, domin hannuwan sun gaji, likita kuma ya goyi bayansu. Ni Abigail, da na koyi aiki a ƙarƙashinta, ban yarda ta tafi shiru ba. Garin nan ya iya tsara wa mamaci jawabi mai daɗi a bakin kabari. Ni so nake ta ji nata da kunnenta.

Daga Kagoro ta zo Kaduna tana amarya. Mijinta, marigayi Wilson, ya yi aiki a masana'antar haɗa motoci da ke Kakuri kafin ya kafa rumfarsa a layin nan. Abinci take kawo masa da rana. Daga riƙe masa tocila ta koma miƙa masa sifana, daga miƙawa ta koma kwance abin da ya nuna mata, har ya zama idan aiki ya yi yawa ita ke shiga ƙarƙashin mota shi yana sama. Ciwo ya ɗauke shi autarsu na goye. Dangi suka ce ta sayar da kayan aikin ta koma gida, ko ta nemi tebur ta kasa tumatir. Da aka gama zaman makoki sai ta ɗauko ofarol ɗinsa, ta naɗe ƙafafun, ta zo ta buɗe rumfa.

Asabe mai abinci, wadda tukunyarta ta girmi yawancin rumfunan layin, ita ta ba ni labarin watannin farko. Ta ce mai mota zai shigo ya tambayi ina oga, Mama ta ce ga ta, sai ya saka ribas ko sallama babu. Wasu yini guda ba ta taɓa komai ba sai tsintsiya. Ta ce ba ta taɓa ganin ta yi kuka a fili ba, sai dai ta sha ganin ta kwance kafireta mai lafiya ta sake haɗawa don kada hannu ya manta. Direbobin bas na Sabo ne suka fara gane ta, saboda ita kaɗai ke gaya wa mutum cewa abin da yake tsoro ba shi ne ya lalace ba, ƙaramin abu ne. Su kuwa direbobi bakinsu ba ya shiru.

Malam Nuhu, mai zubin tukwanen dalma a kasuwar Panteka da ke hayin gada, shi ma yana da nasa. A shekarar da gari ya rikice har mutane suka daina tsallaka gada, a-kori-kurarsa tana rumfar Mama, an sauke mata akwatin giya za a gyara. Ya cire rai da ita. Da ƙura ta lafa ya zo yana ɗar-ɗar, sai ya tarar an gama aikin, an lulluɓe motar da tamfol a bayan kwantena, an cire lambarta an ɓoye, batir kuma da ransa domin Mama na ta da ita lokaci-lokaci. Ya ce abin da kawai ta ce masa shi ne ya riƙa duba ruwan lagireto, ya cika sakaci.

Ke ce wannan, Mama. Ke ce kika riƙe amanar wanda ba ki san ko zai dawo ba, kika kuma yi masa faɗa a kan lagireto.

Amma akwai abu guda da layin nan ya hana ta, kuma shi ne dalilin rubutun nan. A al'adar ƙungiyar makanikai, idan mai koyo ya gama, ana yi masa bikin yaye, wanda muke kira firidom. Ogansa zai tsaya gaban jama'a ya ɗora masa sifana a tafin hannu, ya sa masa albarka, daga ranar ya zama mai ikon kafa rumfa a layi da ɗaukar nasa masu koyo. Sai dai ba mai yaye wani sai wanda shi ma aka yaye. Mama kuwa ba a taɓa yaye ta ba. A gefen mijinta ta koya, ya rasu bai ɗora mata sifana a gaban kowa ba. Saboda haka duk wanda ta koyar, ranar bikinsa sai an aro wani oga namiji ya tsaya a madadinta. Ita ke dafa shinkafa, ita ke ɗauko rumfa da kujeru, sannan ta koma layin baya ta zauna tana tafi, wani da bai taɓa ganin yaron da datti a hannu ba yana cewa ya koya masa duk abin da ya sani. Maza da yawa masu garejin kansu yau, daga Television har Kamazou, haka aka yaye su.

Na zo wurinta da takardar injiniya daga kwaleji, bayan na gaji da yawo da ita ofis-ofis. Ba ta kalli takardar ba, farcena ta kalla ta ce in yanke. Da lokacin yayena ya yi, ta ce in shirya, ta yi magana da wanda za a aro. Na ce ban yarda ba. Wadda ta koya mini ita za ta yaye ni, in ba haka ba in zauna babu yaye. Ta yi faɗa sosai. Ta ce taurin kaina zai sa in rasa rumfa, ita kuma ga shi tana dab da tafiya, wa zai tsaya mini. Na ce na ji. Ranar Asabar ɗin taron ƙungiya na miƙe a gaban maza na maimaita abin da na gaya mata.

Shugaban ƙungiya, Baba Nathan, ba mugun mutum ba ne. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar Wilson. Amma mutum ne da ke ganin idan aka sassauta noti ɗaya a doka, duk injin zai zube. Ya bar ni na gama, ya ce ai ba wanda ya ce Madam ba ta iya aiki ba, amma gyaran burki da sauya kuloci ba su ne ke mai da mutum oga ba. Wani daga baya ya ce to mene ne ke mayarwa. Aka yi dariya. Baba Nathan ya juya ya nuna wata jar mota da ke fake a garejinsa, tayoyinta sun fara nutsewa a ƙasa.

"Kun ga waccan? Ta gagare ni, ta gagari gareji biyu kafin ni. Madam ta tashe ta da injinta na asali. Ta tsaya a silo ba a taka totur ba, ta kai ni Unguwar Boro ta dawo da ni, a kashe ta da zafinta a sake tayarwa. In ta yi haka, ita za ta yaye yarinyar, ni da kaina zan riƙe mata lema ranar firidom."

Ya faɗa ne don a rufe maganar. Mama, da tun farko kanta ke sunkuye don kunyar abin da na jawo mata, ta ɗago ta ce, "Baba, ka sa a turo mini ita. Lemar kuma ka nemo babba, ina da jiki."

Motar tsohuwar Mazda ce ta wasan tsere, ta wani matashi mai suna Caleb da ke Kamazou. Injinta ba irin wanda muka saba ba ne. Ba shi da fistin ko ɗaya. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu kusurwa uku-uku, kowanne na juyawa a ɗaki mai siffar ɓawon gyaɗa, a kan kowace kusurwa kuma akwai siririn ƙarfe da ke shafar bango yana riƙe iska. Rotari ake ce masa. Wanda ya mallaki motar a Turai ya faɗaɗa ƙofofin da iska ke shiga injin don ƙarin ƙarfi, amma ya bar tsohon manifol, wato bututun da ke kai iska da fetur cikin waɗannan ƙofofi. Injin ya zama kamar ƙato da aka ce ya sha kunu da tsinken shan lemo. Caleb ya yi odar sabon manifol mai faɗin maƙogwaro, ya kawo a ɗaura masa, daga ranar motar ba ta sake lafiya ba. Ta tashi ta yi ta haki, ta mutu, fulogi su jiƙe da fetur. Kowane gareji shawara ɗaya yake ba shi, a cire wannan aljanin injin a dasa na Camry kowa ya huta. Ya gaya mana cewa ya riga ya sa a nemo masa injin. Mama ta ce ya dakata.

Ranar farko ba ta kwance komai ba. Ta cire fulogi, ta ce in murza makulli, ta kara kunne a ramin. Iska ta fito fuf, fuf, fuf, bugu uku daidai da juna, a ɗakin gaba da na baya. Ta miƙe ta ce injin nan lafiyarsa lau, shaƙe shi aka yi.

Da muka sauke manifol ɗin muka ga yadda aka yi. An lafta masa jan gam kamar ana yaɓen ɗaki, har ya tsiyaya ciki. Kafin ta taɓa komai sai da ta cusa tsumma mai tsabta a kowace ƙofa, ta ce ko ƙwayar yashi ta faɗa ciki, siraran ƙarafan nan sun tafi, mu ma mun tafi. Sannan ta ce in ba ta janbakina. Na ɗauka wasa take yi. Ta shafa shi a leɓen ƙofofin injin, ta manna kwali ta danna, ta ɗago da hoton ƙofofin ja wur. Ta yi wa manifol haka a wani kwalin. Da ta haɗa biyun ta ɗaga su a rana, ko Asabe da ta kawo mana abinci ta ga matsalar. Ramukan noti sun hau daidai, shi ya ruɗi kowa, amma ƙofofin sun goce wa juna da kusan rabin yatsa. Ta nan iska ke satar hanya, gam kuma ba ya toshe irin wannan.

Abu na biyu da muka gano ya fi ba ta haushi. Wannan injin an yi shi ne ya riƙa shan baƙin mai kaɗan-kaɗan da gangan. Akwai 'yan siraran tiyo da ke ɗiga masa mai a ciki don ƙarafan kusurwa su samu santsi. Mu kuwa a nan, mota mai shan baƙin mai da ɗan hayaƙi mara lafiya ce, haka aka koya wa kowa. Wani mai kyakkyawar niyya ya bi tiyon nan ɗaya bayan ɗaya ya toshe su da ƙusoshin kafinta. Da motar ta yi tafiya mai nisa a haka, da injin ya cinye kansa. Ƙin tashin da ta yi shi ya cece ta. Na tara ƙusoshin a tafin hannu na ce wallahi sai na kai su taron ƙungiya, don na gane aikin wane gareji ne. Ta karɓe su ta watsa cikin tarin ƙarafa. Ta ce ita mota aka ba ta ta tayar, ba mutum aka ba ta ta kayar ba. Kin gani, Mama, har a nan ban faɗi suna ba.

Maganin da ta yanke shi ne a yi faranti mai kauri da zai shiga tsakanin injin da manifol, ramukansa su karkata a hankali, fuska ɗaya ta dace da injin, ɗayar ta dace da manifol. Ni na zana shi a kwamfuta na fitar da awo. Kafintan layinmu ya sassaƙa samfurinsa da katako. Muka tsallaka gada zuwa Panteka wurin Malam Nuhu, wanda bai taɓa zuba wani abu da ya wuce tukunya da murfi da ludayi ba. Ya juya katakon a hannu ya tambaya ko wannan murfin wace irin tukunya ce. Mama ta buɗe buhun da muka zo da shi, cike da tsofaffin fistin da ta tara, ta ce su za a narka, domin dalmarsu ta fi ta gwangwani jure zafi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wato injin da ya ce ba ya son fistin, da fistin za a yi masa magani.

Farantin farko ya fito da kyau a ido. Mama ta shimfiɗa samfefa a kan gilashin taga, ta yayyafa ruwa, ta shiga goga shi don fuskar ta kwanta sumul. Aikin hannu ne zalla, hannun kuwa shi ne ba ta da shi. Na roƙe ta ta bar mini. Ta ba ni na ɗan lokaci, ta karɓe, wai ina danna gefe ɗaya kamar mai jin haushin wani. Haka ta yi ta yi, ta goga, ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta dawo. Da aka gama muka toshe ramukan, muka aro iska wurin mai faci, muka zuba ruwan sabulu a kai. Kumfa ya taso ta ko'ina kamar ana wanki. Farantin cike yake da ƙananan ramuka a cikinsa, domin damina ce, yashin zubin ya sha danshi.

Nan da nan labari ya bazu a layi. Masu wucewa suka fara tambaya ko an fara sayar da omo a rumfar Madam. Caleb ya zo ya ce mai injin Camry yana ta kiransa. A ranar na ga yatsun Mama sun kumbura har zoben aurenta ya nutse. Na ce mata ni na jawo wannan, in ta ce a bari zan je in ba Baba Nathan haƙuri, a aro duk wanda za a aro.

"Ke kika fara, amma yanzu ba taki ba ce," in ji ta. "Na zauna a kujerar baya sau nawa ina tafa wa aikina a hannun wani? Ɗauko katakon nan mu koma Panteka."

Ta ce wa Caleb ya ƙara mata haƙuri kaɗan, in ta kasa ita da kanta za ta ɗaura masa na Camry. Ya sosa kai ya ce shi fa ƙarar injin nan ce ta sa ya sayi motar, zai jira.

Malam Nuhu ya ji kunyar farantin farko fiye da mu. A karo na biyu ya soya yashin a kasko kamar gyaɗa, ya gasa mazubin, ya kwashe dattin saman narkakkiyar dalmar har ta yi ƙyalli, ya zuba a hankali yana bismillah, Mama na gefe tana nata da sunan Yesu. Aka sake komawa kan gilashi da samfefa. Wannan karon ta yarda muka raba gugar, tana zaune tana gyara mini hannu da baki. Da muka zuba ruwan sabulu, ya kwanta shiru. Muka jira. Ko ƙwayar kumfa babu.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ta yanka gaskit, shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da hannunta, ba ta sa gam ko ɗigo ba. Sabon manifol bai zo da wurin tiyon mai ba, sai ta huda farantin ta yi musu mazauni a jikinsa. Ta ce wa Caleb ban da wannan, duk lokacin da ya sha fetur ya ƙara a tanki ɗan man da ake zuba wa ƙaramin janareta. Ya ce yanzu motar tserensa ta koma janareta ke nan. Ta ce in yana son ta daɗe, e. Muka zare tsummokaran, ta leƙa kowace ƙofa da tocila, muka ɗora faranti, muka ɗora manifol, ta ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, tana zagayawa. Na ƙarshen ya gagari yatsunta. Ta ɗora hannuna a kan sifana, ta ɗora nata a kan nawa, ta ce in ja har sai ta ce ya isa. Ni kuma na haɗa kwamfuta da ƙwaƙwalwar motar na daidaita fetur da sabuwar iskar da za ta samu.

Ranar gwaji Asabar ce da hantsi, bayan taron ƙungiya, don haka layin duka na nan. Mama ta zauna a kujerar direba ta murza makulli. Injin ya juya, ya yi tari, ya kama. Ƙarar da ta fito daga salansa ba wanda ya taɓa jin irinta a Television, wani bugu mai tsalle-tsalle kamar ana yayyaga sabon yadi. Ta ɗauke ƙafa daga totur. Ya tsaya a silo. Wani ya ce ai ɗingishi yake yi. Caleb, da hawaye ya cika masa ido, ya ce ba ɗingishi ba ne, muryarsa ke nan, haka ya ji ta a bidiyon da ya sa ya saye ta.

Baba Nathan ya naɗe babbar rigarsa ya shiga gefe da ƙyar, don motar a ƙasa take. Suka fita titi. Mun daina ganinsu muna jin su. Ba wanda ya koma aiki. Asabe ta bar miyarta a wuta ta zo ta tsaya kusa da ni tana cewa in daina cizon farce, ai babu abin da ya rage a wurin. Da suka dawo, Baba Nathan ya fito hularsa a hannu, ya ce matar nan ba ta san akwai burki a mota ba. Aka yi dariya, amma kowa ya san saura abu ɗaya. A garejinsa, duk ranar da aka samu motar ta tashi, in ta yi zafi aka kashe ta, sai washegari.

Ya miƙa hannu ta taga ya kashe ta da kansa. Ya ce a bar ta ta jiƙa da zafinta. Muka tsaya muna jin ƙarfe na ƙas-ƙas. Sai ya ce bismillah, Madam. Ta kalli yatsunta, ta kama makullin da hannu biyu ta murza.

Bugu ɗaya ta tashi.

Ban iya tuna duk abin da ya biyo baya ba. Na san Asabe ta yi guɗa, na san direbobin bas sun yi ta danna ham a bakin titi ba su ma san dalili ba. Baba Nathan ya tsaya gaban bonet yana kallon farantin nan na dalma mai ƙyalli a tsakiyar injin Japan. Sannan ya juyo ya ce wa jama'a shi ya yi magana a gaban kowa, a gaban kowa zai cika. Ya ce Wilson bai samu ya yaye matarsa ba, to yau injin ya yi masa.

An yi bikina a ƙarƙashin mangwaron rumfarta. Baba Nathan ya zo da lemar masu sayar da katin waya, ya riƙe ta a kan Mama tun daga addu'ar buɗewa, ya ƙi a karɓe shi. Na durƙusa, ta ɗora mini sifana a tafin hannu. Na zaci za ta yi dogon jawabi na shekara talatin. Cewa ta yi, "Abigail, na koya miki, kin iya. Ubangiji ya tsare miki hannu. Ki rage faɗa da kwastoma."

Ina miƙewa sai na ga mutum ya durƙusa a inda na tashi. Babban mutum ne da furfura a gemu, mai gareji a Kamazou, ɗaya daga cikin waɗanda ta fara koyarwa. Ya zaro sifana daga aljihu ya miƙa mata, ya ce wadda aka ba shi a wancan lokacin ta aro ce, yana so a ba shi ta gaske. Kafin ta amsa wani ya durƙusa a bayansa, wani ya bi. Layi ya miƙe har bakin kwata, maza masu mata da 'ya'ya, kowa da sifanarsa a hannu. A nan ne Asabe ta ga abin da ta ce ba ta taɓa gani ba. Mama ta yi kuka a fili, tana yi tana kiran kowa da sunan da take kiransa da shi yana koyo, tana tuna masa abin da ya taɓa ɓata mata.

Uwar layin Television, ke ce kika shiga rigar da ta fi ki tsawo kika cika ta. Ke ce aka ce ki zauna a baya kika zauna, ba don kin yarda can ne wurinki ba, sai don kada yaranki su rasa rumfa. Ke ce kika nuna mini cewa haƙuri ba shi ne yin shiru har abada ba. Na gode da janbakina da kika ƙarar. Na gode da hannunki a kan nawa. Ubangiji ya huce miki gaɓoɓin nan, ya ba ki hutu mai daɗi a gidanki na Unguwar Boro, jikoki su yi ta damun ki.

Ku kuma ogogin layuka, na Television da na ko'ina, ku duba kujerun baya a bukukuwanku ku ga wa ke zaune yana tafa wa aikinsa. Kada ku jira sai wata jar mota ta gagare ku. Masu mota, in kun tarar da mace a rumfa kun tambayi oga ta ce ga ta, ku kashe mota ku fito. 'Yan mata masu takarda a jaka da masu son aikin hannu, ku yanke farce ku zo, akwai wuri.

Rumfar tana hannuna daga wata mai kamawa. Malam Nuhu ya riga ya tsallako da 'yarsa Sumayya, wadda ta gama sakandare ta ce ita injin take so. Na karɓe ta. Ranar da zan yaye ta, ba za mu ari kowa ba.